Baƙon da Ya Sauya Ɗaki Bai Sanar Ba

Duk faɗin ƙasar Ikara, ka haɗa da Makarfi da Kudan, babu mahaluƙin da ya taɓa kutsawa cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ya kamo aljanin da ke ciki da hannu sai ni, Sale na Janfalan. Idan na faɗi haka a majalisa yaran nan masu latse-latsen waya sai su yi ta ƙyaƙyata dariya, wai mutumin da ya ɗaure wayarsa da kyauro ba shi da ta cewa. To su yi. Kwamfutar da na yi kokawa da ita ta fi shagon Alhajin da ke ba mu benci girma, sanyin ɗakinta kuwa ko naman Sallah ka rataye a ciki sai ya shekara bai yi wari ba.

Sai dai in za a bi gaskiya, watannin farko da na yi a gabanta ban taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Ɗaukar takardu nake yi daga bakin injin bugawa zuwa kan tebur, kamar ɗan dako a kasuwar tumatir.

Ƙasar Bulgariya aka tura ni. Ina ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikata a Kaduna aka ce za a sayo babbar kwamfuta, ana neman wanda zai je ya koyo yadda ake kula da ita. Manya suka ji an ce ƙasar sanyi ce kuma ba a jin Turanci, sai kowa ya tuna yana da hawan jini. Haka abin ya gangaro kaina.

Zangon farko shi ne tashar jirgin ƙasa ta Sofiya, inda na sauka da 'yar shara da hular saƙa. Iskar da ta tarbe ni sai da na ji ta a cikin haƙoran da aka riga aka cire mini. Wani mutum mai fara'a ya matso, ya dafa kafaɗata, ya buɗe jaka ya fito da kwat mai gashi a wuya. Bai ji yarena ba, ban ji nasa ba, amma muka daidaita. Na saka kwat ɗin nan ina taƙama a cikin gari, mata na kallona suna murmushi, ni kuwa ina cewa a raina farin jinin Janfalan ya tsallako teku. Hunturu guda na yi a haka kafin wata tsohuwa mai rabon abinci a kantin cibiyar da na koyi aiki, Iya Penka, ta dube ni sama da ƙasa tana zuba mini miyar wake, ta ce, "Kwat ɗin mata ne wannan. Ƙanwata tana da irinsa. Matsa, akwai mutane a bayanka."

Haka take magana da kowa. Ba gaisuwa, ba kwana-kwana. Amma kullum ludayina ya fi na kowa cika, kuma ranar da ta gane ba na cin alade sai ta riƙa ajiye mini kindirmonsu a ƙarƙashin kanta. Kindirmon nan ya so ya kamo na Fulanin da ke kawowa Ikara ranar kasuwa, sai dai babu fura, kuma kindirmo ba fura ai zaman makoki ne.

Zango na biyu ajin koyon yare ne da ɗakin kwanan ɗalibai. A nan ne zama ya gagare ni. Ban iya zama minti kaɗan a wuri ɗaya ba. In na zauna a ɗaki sai in ji bangon yana matsowa, in na fita sai in ji gari ya yi mini faɗi. Sai in hau taragon da ke yawo cikin gari in bi shi har ƙarshen layi, in dawo, in sake komawa. Da kaka ta yi, kowane gida suka fito da tattasai suna gasawa a bakin ƙofa, ƙamshin ya cika unguwa. Na tsaya a gefen titi ina shaƙa, sai ga ni a Janfalan, ga innata tana shanya a kan rufin ɗaki tana korar awaki. Wani ɗan sanda ya zo ya tambaye ni ko lafiya. Na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

A cikin taragon nan ne wata rana na ji wani yana yi wa ƙofa faɗa da Hausa, don ta datse masa jaka. "Ke dai ba ki da mutunci," in ji shi. Na yi tsalle na rungume shi ta baya kafin ma in ga fuskarsa. Istifanus ke nan, ɗan Nasarawan Doya, yana karatun likitan dabbobi. Da a gida ne wataƙila mu yi ta wuce juna a kasuwar Makarfi ba mu taɓa gaisawa ba. A can kuwa kafin mako ya zagayo ya zama ɗan uwana na jini. Yana kirana Alaramma, ina kiransa Fasto, alhali ni iyakata izu biyu, shi kuma sai ya yi wata bai leƙa coci ba. Ranar Lahadi mukan tuƙa tuwon garin masara a kan ƙaramin risho, mu kaɗa kukar da yake ɓoyewa a cikin safa kamar zinariya.

Zango na uku ita ce cibiyar da kwamfutar take, ƙarƙashin wani dattijo, Injiniya Stoyan. Girarsa kaɗai ta isa a yi tsintsiya. In ka gaishe shi sai ya amsa da hanci.

Bari in yi muku bayanin aikin yadda na yi wa kawuna, shi ma ya ce ya gane. Ku ɗauki gidan fatoma. Fatake sun sauka, wannan da buhunan barkono, wancan da mazarƙwaila. Fatoma mai wayo ne, ya ce wa kowane baƙo gidan nan duka naka ne kai kaɗai. Baƙo ya raba kayansa, ya ce barkono a ɗaki na ɗaya, tattasai a ɗaki na biyu, ya zana taswirarsa. Amma ɗakin da baƙon ke kira na ɗaya, a wurin fatoma wataƙila shi ne na can ƙurya kusa da rijiya. Sai fatoma ya haɗa taswirar baƙo da tasa ya fitar da ta uku, wadda 'yan dako ke bi. Sharaɗi ɗaya ne tak. Duk lokacin da baƙo ya sauya wa kaya ɗaki, dole ya ɗaga murya ya sanar, don fatoma ya yaga taswirar 'yan dako ya zana sabuwa.

To haka kwamfutar take. Guda ɗaya ce, amma akwai babban shiri a cikinta mai zaman fatoma, wanda ke sa ta zama kamar kwamfutoci da yawa. Kowace tana da nata tsarin, shi ne baƙo, zuciyar baƙon kuma masu sana'ar na kiranta kenel. Ɗakunan su ne adireshin wuraren ajiya a ƙwaƙwalwar injin.

Matsalar cibiyar ita ce, jefi-jefi ɗan dako yakan juye barkonon wani a kan mazarƙwailar wani. Wata gonar gwamnati ta aiko a lissafa mata abincin shanu, sai ga sakamakon gwajin wasu ɗaliban kimiyya a tsakiyar shafi. Su kuma ɗaliban aka ba su adadin dusa. Wani lokaci baƙon gaba ɗaya ya faɗi sumamme, injin bugawa ya yi ta aman takardu cike da lambobi, ni kuma in kwasa. Ba kullum abin ke faruwa ba. Sai ya yi kwanaki lafiya, ranar da manya suka zo ziyara ya tashi.

Ana cikin haka labari ya zo daga gida. Sojoji sun karɓi mulki, an shiga tsuke bakin aljihu. A ofishin jakadancinmu wani jami'i ya gaya mana, yana kallon silin, cewa an dakatar da tallafin irinmu, kowa ya san inda dare ya yi masa. Wani abokin aikina na Kaduna ya aiko mini da saƙo cewa ana ta sallamar ma'aikata, kwamfutar da za a sayo an fasa, kuma in na kuskura na dawo ba takardar shaida a hannu, sunana ne na farko. Izinin zamana zai ƙare da ƙarewar hunturu. Hanya ɗaya ce ta rage, cibiyar ta ɗauke ni a matsayin mai koyon aiki har in kammala, kuma wannan sai Injiniya Stoyan ya sa hannu.

Na same shi na karanta masa halin da nake ciki. Ya ce, "Ɗan dako muna da shi. Ka nuna mini kana da amfanin da ya wuce ɗaukar takarda."

Daga ranar na daina kai takardun nan kwandon shara. Na riƙa shimfiɗa su a ƙasan ɗakin ajiya ina rarrafe a kansu da fensir. Na karanta lambobi har na fara ganinsu a cikin miya. Ina tsaye ina karatu, ina tafiya ina karatu, na taɓa wuce tashata har sau biyu a rana ɗaya. Sannu a hankali na lura cewa duk ranar da abin ya faru, baƙon ya sauya wa kaya ɗaki ne ta wata gajeriyar hanya da ba ya yawan bi. Na nemo rubutun kenel ɗin, na bi hanyar layi layi. A duk sauran hanyoyin, da an gama sauya ɗaki akwai umarnin sanarwa. A wannan babu. An cire shi da gangan, kuma a gefen wurin wanda ya cire ya bar haruffan sunansa, yadda suke yi.

Haruffan Injiniya Stoyan ne.

Na zauna daɓas a kan takardu. Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane ba. A Janfalan, in dattijo ya shigo iyakar gonarka da huɗa, ba ka zuwa ka tsaya a gabansa ka ce Baba ka yi kuskure. Ko da gonar ce kaɗai abin da ka mallaka. Sa'ansa kake nema, ka kai masa goro. Shi zai je da yamma su taɓa hirar damina da ciwon gwiwa, sai ya tashi tafiya ya ce, af, kamar yaran nan naka sun ɗan zarce da garma ta gabas. Dattijo ya gyara, laifi ya tafi kan yara, kowa ya kwana da mutuncinsa. Da wannan aka raine ni. Sau nawa na je ƙofar ofishin tsohon nan da takarda a hannu, in ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai in ji muryar babana a kunnena, in juya in nufi ban ɗaki.

Sai na nemi ɗan aike. Akwai wani Kiril a sashenmu, mai yawan dariya, mai son ya ji labarin zakuna duk da na rantse masa ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Na saya masa kofi, na ja shi gefe, na nuna masa wurin. Na roƙe shi ya sanar da dattijon cikin hikima, ya nuna kamar wasu yara ne can suka yi.

"Ka bar mini," in ji Kiril, yana ninke takardar yana sakawa a aljihu. "Kai ɗan uwana ne."

A taron sashe na gaba ɗan uwan nawa ya miƙe ya ce bayan dogon nazari ya gano matsalar, har ya gyara. Ko kallon inda nake bai yi ba. Na ji kamar in tashi in shaƙe shi da igiyar wuyansa, amma na ce ba komai, in dai injin ya warke zan san yadda zan yi.

Injin bai warke ba. Kiril ya mayar da sanarwar, amma ya sa ta kafin a sauya ɗaki, ba bayan an sauya ba. Wato baƙo ya yi shela ya tashi alhali yana nan zaune. Fatoma ya yaga taswira, wani lokaci ya leƙo a daidai tsakanin, ya gan shi a tsohon ɗaki, ya sake zana tsohon ɗakin. Ana cikin murna sai ga dusa ta koma wa ɗalibai. Injiniya Stoyan ya fusata, ya sa aka cire gyaran, ya ce kada wanda ya sake taɓa wurin. Kiril kuma ya bi shi ofis ya ce ai dama shawarar baƙon nan ce ɗan Afirka, shi tausayi ne ya sa ya gwada.

Daga nan ko amsawar hancin ma na daina samu. Ƙanƙara ta fara narkewa a kan rufin gidaje. Kowa a gari yana murna bazara na tafe, ni kuwa duk ɗigon da ya faɗo sai in ji kamar a kan takardar izinina ya sauka.

Ranar Lahadi na kasa cin tuwo. Ina ta kai da kawowa a ɗakin Istifanus, daga taga zuwa ƙofa.

"Alaramma, zauna mana, kana sa ni jiri," in ji shi. "Wai shi Kiril ɗin nan sa'an tsohon ne?"

"Ina fa. A haife ya haife shi."

"To ai kai ka ɓata abin. Ka aiki ɗa wurin uba. Ko a Nasarawan Doya aka yi haka sai an ci ka tara."

"Fasto, a ina zan samo masa sa'a? Mutumin nan ina jin tare aka halicce shi da duwatsun ƙasar."

Muka shiga lissafin tsofaffin cibiyar. Shugabanta, ko sakatariyarsa ban isa in gani ba. Mai gadi tsoho ne, amma an ce sun shekara ba sa ga maciji da Injiniya saboda wurin ajiye mota. Sai na tuna Iya Penka. Ita kaɗai na taɓa ji ta kira shi da sunansa kai tsaye, tana yi masa faɗa don ya rage miya. An ce ƙauyensu ɗaya.

Istifanus ya jawo akwatinsa ya fito da wani ƙulli. Mazarƙwaila ce, curi ɗaya da ya rage cikin wadda mahaifiyarsa ta aiko masa. Ya daɗe yana kallonta kafin ya miƙo.

"Ba goro a garin nan, kai mata wannan. In aka kore ka duk da haka, ka biya ni da rake gona guda."

Washegari da hantsi, kafin layin abinci ya taru, na sami Iya Penka tana yanka kabeji. Na miƙa mata mazarƙwaila. Ta gutsura, ta tauna, ta ce ta yi zaƙi da yawa, ta jefa sauran a aljihun gaba. Na tattaro duk yaren da na koya na tsara mata yadda za a yi. Ta bari sai ya ci ya ƙoshi. Ta fara da zancen ƙauye. Ta tambayi gwiwarsa. Can a ƙarshe ta ce ta ji ana cewa wasu yara sun manta wani abu a wuri kaza, ga takardar. Kada ta ambaci sunana, kada ta ce shi ne.

Ta saurare ni har na gama. Ta goge hannu a zanen gabanta, ta damƙi wuyan hannuna. Tsohuwar nan da a ce dambe take yi da ta gama da Kudan. Ta ja ni muka hau bene, ina turjewa ina roƙonta da Hausa, ta tura ƙofar ofishin ba ƙwanƙwasawa.

"Stoyan, yaron nan ya ce kai ka ɓata injinka da hannunka, tsoron faɗa maka yake ji. Ku yi magana, na bar tukunya a wuta."

Ta fita ta ja ƙofa.

Na tsinci kaina a durƙushe gaban teburinsa, bakina kuma ya kama abin da ya saba. Na tambaye shi kwana. Na tambayi gajiya. Na tambayi iyali, da aiki, da sanyi, da mutanen ƙauye, har gwiwar da na tanadar wa Iya Penka ni na tambaya. Duk da yarensu, ina fassarawa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ya zuba mini gira yana jira.

Da na rasa abin tambaya ya ce, "A ina?"

Na miƙa takardar da hannu biyu. Ya sa tabarau. Ya bi layin da yatsa, ya tsaya a kan haruffan sunansa, ya daɗe a wurin. Na riga na fara tunanin abin da zan gaya wa mutanen Janfalan a tashar mota.

"Lokacin da na cire wannan babu fatoma," in ji shi, da nasu kalmomin. "Tsarin shi kaɗai ne a kan injin, kuma injin yana share abin da ya riƙe da kansa jim kaɗan bayan nan. Na rage masa aiki ne. A lokacin daidai ne." Ya ɗago. "Kiril ya mayar, bai yi ba."

"Ranka ya daɗe, a gaba ya sa. A baya ya kamata."

Ya sake duba takardar. Ya yi wani ƙara a maƙogwaro, ya tashi ya ɗauki rigarsa. "Tashi daga ƙasa, kana tare mini hanya."

Muka sauka ɗakin sanyi. Ya zaunar da ni gaban maɓallan, karo na farko, ya tsaya a bayana. Na rubuta umarnin a inda ya dace. Aka sake tayar da baƙon. Ya sa aka ɗora masa aikin shanu da na ɗalibai da duk wani aiki mai nauyi da ke cibiyar a lokaci guda, aka matse masa wuri don dole ya yi ta bin gajeriyar hanyar nan. Sai jira. Na zagaya injin nan har na san adadin ƙusoshinsa. Duk takardar da ta fito sai in fizge ta in duba. Shanu na cin dusarsu, ɗalibai na samun lambobinsu. Aka sake, aka kuma sakewa, har rana ta yi sanyi ma'aikata suka fara ɗaukar jakunkuna. Kiril ya leƙo, ya ga yadda ake ciki, ya tuna yana da uzuri.

A ofis Injiniya Stoyan ya jawo takardar ɗaukata koyon aiki daga ƙarƙashin tarin wasu, ya cire murfin alƙalami. Sai ya dakata.

"Yaushe ka ga wannan?"

"Tun ganye bai gama zuba ba, ranka ya daɗe."

Ya waiwaya ya dubi taga, inda bishiyoyi suka fara toho. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya turo mini. Na buɗe baki zan fara godiya, na riga na shirya ta tun daga kakanninsa, sai ya ɗaga hannu.

"Kana da ido, shi ya sa na sa hannu," in ji shi. "Amma in ka koma ƙasarku, ka roƙe su kada su taɓa ba ka aikin sanar da gobara."